KASHI 2 CIKIN ƊARI: WA YA ƘERA MUDUN DA AKE AUNA MALAMANMU?

Lokacin ya sake zagayowa. Duk inda ka leƙa a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp sai hotunan taya murna: Farfesa wane ya shiga sahun kashi 2 cikin ɗari na manyan masana kimiyya a duniya, Dakta wance ta zo ta ɗaya a jami'arsu, ta kaza a Najeriya, ta kaza a Afirka. Jami'o'i na fitar da sanarwa, 'yan siyasa na aika saƙon barka, 'yan gari na cewa ɗanmu ya fitar da mu kunya. Ni ma ina taya su murna, kuma har zuciya nake faɗa, don a cikinsu akwai waɗanda suka yi aikin a ɗakin gwaji marar wuta, da albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Amma ku duba ƙarƙashin hotunan nan. Mutum ɗari biyar za su rubuta "Masha Allah, Allah ya ƙara ɗaukaka", ba za ka ga ko ɗaya da ya tambayi me mutumin ya gano ba. Ita kanta sanarwar jami'ar ba ta faɗa. Lamba kawai ake nuna mana.

To bari mu yi maganar lambar.

Jerin da ake kira na Stanford, ba hukumar jami'ar ce ta zauna ta karanta aikin kowa ta ba shi lambar yabo ba. Wani farfesa ne a can, John Ioannidis, da abokan aikinsa suka fara fitar da shi a 2019, suna amfani da rumbun Scopus na kamfanin Elsevier. Kwamfuta ce ke lissafa sau nawa wasu suka ambaci maƙalarka a cikin tasu, ta haɗa da wasu 'yan ƙididdiga, ta jera sunaye. Ɗaya jerin da jaridunmu ke yawan ɗaukowa, AD Scientific Index, shi daga shafin Google Scholar yake kwasar lambobinsa, shafin da kai da kanka kake buɗewa ka zuba abin da ka ce naka ne. A duka biyun babu ɗan Adam ɗin da ya buɗe maƙala ya karanta ya ce wannan gaskiya ce ko shirme ce.

Asalin abin ma ba don auna mutane aka yi shi ba. Eugene Garfield, Ba'amurken da ya fito da kundin ambato a 1964, so yake mai bincike ya iya bin sawun wanda ya ɗora a kan aikin wani, kamar yadda mafarauci ke bin sawu. Daga baya aka mai da shi sikeli. A 2005 wani masanin fiziks a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro abin da ake kira lambar h. Lissafin mai sauƙi ne: idan kana da maƙala 10 waɗanda kowacce aka ambace ta aƙalla sau 10, lambarka 10 ke nan. Kun ga inda gizo ke saƙar? Wanda ya rubuta maƙala uku rak a rayuwarsa, ko da ukun nan sun juya duniya, lambarsa ba za ta taɓa wuce 3 ba. Wanda ya yanka bincike ɗaya gunduwa-gunduwa kamar tsire ya fitar da maƙala ashirin, shi ne gwarzo. Shi kansa Hirsch daga baya ya rubuta cewa ma'aunin nasa na iya yin mummunan kuskure, kuma ya haifar da illolin da bai yi nufi ba. Maƙerin mudun ya ce mudun na da matsala, mu kuma mun ɗauke shi mun sa a gaban goshi.

Ambato ba ya nufin yarda. Idan na kira sunanka sau ɗari a kotu ina cewa kai ne ɓarawon, an ambace ka sau ɗari, kuma kwamfuta haka za ta rubuta. A 1998 Andrew Wakefield ya wallafa maƙala a mujallar Lancet yana alaƙanta wata allurar rigakafin yara da cutar galahanga. Aikin ya tabbata na bogi ne, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisinsa na likita a Birtaniya. Amma an ambaci maƙalar fiye da sau dubu, har bayan an janye ta. Mu da muka ga abin da jita-jitar rigakafi ta yi mana a zamanin shan-inna, mun san irin ɓarnar da takarda ɗaya irin wannan ke yi. A ma'aunin ambato kuwa, "tasiri" sunanta.

A 2014 mujallar Nature ta fitar da maƙaloli 100 da aka fi ambata a tarihi. Ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, kan hanyar auna yawan furotin a cikin ruwan gwaji, an ambace ta sama da sau 300,000. Aiki ne mai amfani, ba musu. Amma maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana fasalin ƙwayar gado ta DNA, ba ta ma shiga ɗarin ba. Peter Higgs, wanda ya ci kyautar Nobel a 2013, ya faɗa wa jaridar Guardian a shekarar cewa da a tsarin yau ne da babu jami'ar da za ta ɗauke shi aiki, don ba ya fitar da takardu da yawa. Katalin Karikó kuwa rage mata matsayi aka yi a jami'arta ta Amurka a 1995 saboda bincikenta ya kasa jawo kuɗin tallafi. Wannan binciken ne ya zama tushen wasu daga cikin alluran korona, ya kuma kai ta ga Nobel a 2023. Da kwamitin ƙarin girma irin namu ne ya riƙe fayil ɗinta, da har ta yi ritaya tana nan inda take.

Wannan duk idan an yi wasan da gaskiya ke nan. To ina ga an shigo da maguɗi?

A 2024 wasu masu bincike biyu, Reese Richardson da Nick Wise, suka buɗe wa wata kyanwa mai suna Larry shafin Google Scholar. Kyanwa fa, mage, mai cin ɓera. Suka sa manhaja ta tsara mata maƙaloli 12 na shirme a fannin lissafi, suka ƙirƙiri wasu maƙalolin da ke ambaton nata. Cikin ɗan lokaci Larry ta samu ambato 132, lambar h ɗinta ta kai 11, kafin Google su farga su goge. Ku je ku tambaya malamai nawa ne a sashenku suka kai 11. A shekarar dai, masu bincike a reshen Jami'ar New York da ke Abu Dhabi suka gwada saye da kuɗi: Dala 300 suka biya wani dillali, ya kawo musu ambato 50. Kamar dai yadda yaran nan ke sayen mabiya a TikTok.

Kada ku ce ai wannan ƙananan 'yan damfara ne. A 2023 Jami'ar Kordoba da ke Sifen ta dakatar da wani fitaccen masaninta na kimiyyar haɗa sinadarai na shekara 13 ba albashi, saboda yana sa sunan wasu jami'o'in waje a takardunsa alhali ita ke biyansa. Jaridar El País ta lissafa cewa mutumin na fitar da maƙala ɗaya duk bayan awa 37. Awa 37, jama'a! Ko wasiƙar ofis ba ta fita daga teburin darakta cikin awa 37. Jaridar ta kuma bankaɗo yadda wasu jami'o'in Saudiyya ke biyan masana na Turai kuɗi don su rubuta cewa can suke aiki, jami'ar ta hau sama a jerin duniya. A shekarar kamfanin Clarivate, mai fitar da nasa jerin na waɗanda aka fi ambata, ya cire sama da mutum 1,000 saboda alamun maguɗi, ya kuma fitar da fannin lissafi gaba ɗaya daga jerin don abin ya yi yawa. A 2023 ɗin nan dai aka janye maƙaloli sama da 10,000 a duniya, mafi yawansu daga mujallun kamfanin Hindawi. Kafin a janye su, an riga an ƙirga su, an riga an yi wa wasu ƙarin girma da su.

Mu ma'aikatan gwamnati wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. Mun san fom ɗin APER. An kawo shi ne don a bambance mai aiki da mai zaman kashe wando. Me ya faru? Kowa ya zama haziƙi. Wanda ba ya zuwa ofis sai ranar da albashi ya shiga, da wanda ke kwana a kan fayil, maki ɗaya oga ke ba su, don ba ya son a ce shi ya tare wa wani abinci. Duk ranar da aka ce ga lambar da abincinka ya rataya a kanta, mutane za su bar aikin su koma noman lambar. Malaman jami'a ba mala'iku ba ne, 'yan Najeriya ne irinmu, masu kuɗin makarantar yara da kuɗin haya.

Kuma noman ana yin sa, kowa ya sani, sai dai ba a faɗa a bainar jama'a. Sa sunana a taka, in sa naka a tawa. Mutum biyar su haɗa kai, kowa ya rubuta ɗaya, kowa ya tashi da biyar. Ɗalibin digiri na biyu ya yi aikin tun daga ɗibar samfur har rubutu, sai ka ga sunaye shida a sama, har da na shugaban sashe wanda bai san launin bangon takardar ba. Mai duba maƙala ya maido maka da ita ya ce ba za ta wuce ba sai ka ambaci waɗannan takardu takwas, ka duba ka ga duk nasa ne. Ba kowa ke yi ba, na maimaita, ba kowa ba. Amma tsarin wanda ke yi yake sakawa, wanda ya ƙi kuma ya zauna shekara goma a mataki ɗaya ana ce masa malalaci.

Sai maganar haɗin gwiwa, wadda yanzu ita ma ta zama abin ƙirgawa: da masana na ƙasashe nawa ka yi aiki, sunanka ya fito tare da na Turawa sau nawa. Haɗin gwiwa abu ne mai kyau, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma a 2015 an wallafa wata maƙala ta cibiyar CERN da ke Jeneba mai ɗauke da sunayen marubuta 5,154. Duk wanda ya ambace ta, a mafi yawan ma'aunan nan kowane ɗaya daga cikinsu ya samu maki cikakke. Haka manyan rahotannin lafiya na duniya masu ɗaruruwan sunaye: ka tura musu 'yan alƙaluma daga jiharka, sunanka ya shiga, a shekara biyu ka tara ambaton da wani ba zai tara ba a shekara talatin.

Tambayar da lambar ba ta yi ita ce: a haɗin gwiwar, wa ke riƙe da wuƙa da nama? Wa ya zaɓi tambayar da za a bincika? Jinin da aka ɗiba a ƙauyukanmu, a firjin wa yake kwance yanzu? Bayanan, a kwamfutar wa suke? Sau da yawa namu shi ne ya nemo izinin hakimi, ya yi tafinta, ya shiga rana ya ɗebo samfur, sannan a sa sunansa a tsakiyar layi, na farko da na ƙarshe, inda darajar take, na masu kuɗin ne. Wani lokacin ko tsakiyar ba ya samu, sai godiya a ƙasan shafi. Abin ya yi ƙamari har su kansu Turawan suka sa masa suna, binciken saukar lema, wato a diro a kwasa a tashi, kuma a 2022 mujallar Nature ta fitar da ƙa'idoji don rage shi. Mu kuma a nan muna ba mutum maki don ya zama ɗan rakiya, muna hana maki ga wanda ya jagoranci ƙaramin bincike da abokan aikinsa na Sakkwato da Maiduguri, don babu sunan Bature a ciki.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, mudun nan ba don kasuwarmu aka ƙera shi ba. Rumbunan da ake ƙirgawa daga cikinsu sun fi cika da mujallun Turai da Amurka, da Turanci. Ɗimbin mujallun Afirka, har da da yawa daga cikin waɗanda ke dandalin AJOL, ba sa cikin Scopus. Abin da ka wallafa a can, a idon kwamfutar kamar ba ka yi ba. Manyan mujallun kuma wasunsu kuɗi ake biya kafin a buɗe maƙalarka kowa ya karanta: a 2021 Nature ta sa Yuro 9,500 kan maƙala ɗaya. Ku juya shi zuwa Naira ku gwada da albashin lakcara. Sannan ambato daga yawan masu aiki a fanninka yake zuwa. Mai binciken kansa ko batirin mota mai lantarki yana da dubban abokai a duniya da za su ambace shi. Mai binciken wuta-wuta a gonar dawa, ko ciwon ƙoda da ya addabi mutanen Gashuwa, ko tsutsar wake, abokansa nawa ne? Saboda haka saƙon da muke ba matashin malami a fili yake: idan kana son ka ci gaba, bar matsalar garinku, je ka nemi abin da ke tashe a Turai ka liƙa sunanka.

Ku ɗauki Mohammed Bah Abba, wanda ya yi koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha a Dutse. Ya ɗauki tsohuwar dabarar sanyaya ruwa a randa ya gyara ta: ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan na ƙafewa yana janye zafi, kayan miya na daɗewa. Yalon da ke lalacewa a kwana uku ya kai kusan wata. Ya yaɗa tukwanen a ƙauyukan Jigawa, ya ci kyautar Rolex a 2000. A wane jerin kashi 2 cikin ɗari za ka same shi? Ku ɗauki masu fitar da iri a cibiyar IAR ta Samaru. SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMPEA na wake, kowane ɗaya shekaru ake yi ana haɗa iri, ana gwadawa damina bayan damina, kafin a sake shi ga manoma. Manomin Giwa ko Bakori da ya shuka irin ya cika rumbu ba ya rubuta maƙala, balle ya ambaci kowa. Kazar Shika Brown ta cibiyar NAPRI, alluran dabbobi na Vom da Fulani ke dogaro da su, su ma haka. Na san wasu daga masu waɗannan ayyuka suna da takardu da ambato daidai gwargwado. Amma babban abin da suka yi, wanda ya shiga tukunyar talaka, shi ne ainihin abin da mudun ba ya gani.

Na san abin da za a ce min a ƙasa. Na farko, wai wanda ba shi da ambato ne ke zagin ambato. Ni ba malamin jami'a ba ne, ba na neman kujerar farfesa, ba ni da shafin Google Scholar, sai ku nemi wata. Na biyu ya fi nauyi, kuma ina girmama masu faɗarsa: idan aka cire lamba, me zai rage in ba son kai ba? Ɗan garinmu, surukin shugaba, ɗan ɗarikarmu. Lamba aƙalla ba ta san ƙabila ba. Gaskiya ne, an kawo ƙirge ne don a tsere wa wannan cuta. Amma ku duba da kyau, cutar ba ta tafi ba, wuri ta sauya. Wanda da zai sa baki a ba ka matsayi, yanzu sunanka yake sawa a takardarsa. Ubangida na nan, sai dai yanzu yana da rasit. Kuma ban ce a jefar da lamba a bola ba. Wanda ya shekara ashirin yana rubutu babu wanda ya taɓa waiwayar aikinsa, akwai tambayar da ya kamata a yi masa. Lamba ta isa ta sa a buɗe fayil. Ba ta isa ta yanke hukunci ba.

Me ya shafe ni a matsayina na ma'aikaci? Kuɗin jama'a ne. Albashin malaman nan daga baitulmali yake fita, tallafin bincike na TETFund harajin kamfanoni ne da aka karɓa da sunan ilimin 'ya'yanmu. Kuma abin ya fara tsallakowa cikin ma'aikatu. Na zauna a wani kwamiti da aka nemi masanin da zai ba da shawara kan wani aiki na karkara. Mutum biyu suka rage. Ɗaya ya shekara da shekaru yana aiki a irin waɗannan ƙauyuka, ya zo da rahotanni da taswira da sunayen wuraren da ya yi aiki, waɗanda za a iya zuwa a gani. Ɗayan ya zo da shafi ɗaya mai ɗauke da lambar h da hoton jerin duniya. Babu wanda ya buɗe maƙalarsa ko ɗaya a ɗakin nan. Aka ce ai wannan duniya ta san shi. Shi aka ba. Dalilin a bayyane yake: lamba na kare ma'aikaci. Idan aiki ya lalace gobe, sai ka ɗaga takarda ka ce ga abin da na dogara da shi. Karatu kuwa yana buƙatar ka yi hukunci da kanka, ka kuma sa hannu a ƙasa.

Abin haushin, waɗanda suka ƙera mudun sun fara ajiye shi. Tun 2012 aka tsara sanarwar DORA a San Francisco, wadda ke cewa a daina auna mutum da sunan mujallar da ya wallafa a ciki, dubban cibiyoyi da masana sun sa hannu. A 2020 gwamnatin Sin, wadda ta fi kowa tseren yawan takardu, ta umarci jami'o'inta su daina ba da ladan kuɗi kan kowace maƙala. Jami'ar Utrecht ta Holan ta sanar a 2021 cewa ta daina amfani da ma'aunin darajar mujalla wajen ɗauka da ƙarin girma, a 2023 kuma ta ƙi tura bayananta ga masu jera jami'o'in duniya na Times Higher Education. Su suna fita, mu yanzu muke cire takalmi za mu shiga.

Ga abin da nake so in ji daga 'yan majalisar dattawan jami'o'inmu, da NUC, da masu raba tallafin bincike, kuma na san wasunku na karanta wannan shafin ko da ba kwa magana. Mai neman zama farfesa ya zaɓi ayyukansa biyar da ya fi alfahari da su, ba hamsin ba. Ya rubuta shafi biyu da harshen da mai digiri ɗaya zai gane: me na gano, wa ya yi amfani da shi, a ina. A kowace maƙala mai sunaye da yawa ya faɗi abin da shi ya yi da hannunsa, sauran marubutan su sa hannu cewa haka ne. Masu dubawa na waje a biya su kuɗin kirki a kan lokaci, a kuma nemi rahoton da ke nuna sun karanta, ba sun ƙirga ba. Wanda aka kama da sayen ambato ko maƙalar bogi, a ɗauke shi kamar wanda ya kawo takardar shaidar jabu, don ita ce. Sannan a buɗe gurbi a fom ɗin ga irin da aka saka wa manoma, da na'urar da aka ƙera ake amfani da ita, da ƙa'idar jinya da asibitocin jiha suka ɗauka, da ɗaliban da mutum ya yaye suka zama wani abu. Har da ƙasidar wayar da kan manoma da aka rubuta da Hausa, irin waɗanda NAERLS ke bugawa a Zariya, wadda malamin gona zai karanta wa mutum arba'in a gindin bishiya. A ba ta maki, a rubuta adadin makin a cikin dokar ƙarin girma, yadda shugaban sashe ba zai ce wa mai ita ya je ya kawo ta Scopus ba.